Ƙibar Da Na Haɗa Za A Zuƙe

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da ku da ke kusa da rediyo. Tsohuwa ce daga Guci, jikata ke riƙe mini alƙalami.

Ɗiyata Rabi tana aure a Yamai. Bara ta zo gida wankan jego kamar sillen kara. Ni kuwa ba a mayar da mai jego daga ɗakina a rame, dangin miji su ce yunwa gare mu. Kunun kanwa, kauri, man shanu, fura da nono, ban raga mata ba. Ranar da za ta koma, sai da mai kabu-kabu ya yi tsaki don nauyinta a kan babur. Na ce alhamdulillahi, na fita kunya.

Shekaranjiya ta kira ni. Wai lokotoro zai sa ta barci, ya huda cikinta, ya zuƙe kitsen da mesa. An auna jininta, an sa rana, har ta sayi ɗamarar da za ta ɗaure ciki bayan aikin.

Na ce, "Rabi, ciwo yake miki?"

Ta ce, "A'a Inna, kayana ne ba sa shiga."

Na ce, "Teloli sun ƙare a Yamai?"

Ta yi dariya, ta ce in zo in yi jinyarta, don ba ta yarda da hannun kowa ba sai nawa.

Jama'a, ku ba ni shawara. In na je, na yarda ke nan a yanka lafiyayyiya. In na ƙi, wa zai zauna a kanta har ta farka?

Ina gaida matan Dogo-Dogo masu jego. Ku ci, kafin a ce laifi ne.