Budurwar Garwashi

A tashar Tanut, ana jiran motar Tarka ta cika, wata dattijuwa ta leƙa littafin zane da Abdulmajid, ɗan lise, wato makarantar sakandare, yake karantawa.

"Ɗana, wane ne wannan mai tashi sama?"

"Garwashi ke nan, Inna. Jarumin labari ne, wuta ke fita daga hannunsa. Shi da abokansa ke tsaron gari."

"Wannan mai kukan fa?"

"Budurwarsa ce, Raliya. Ana gobe aurensu abokansa suka kira shi yaƙi, ya tafi. Ya yi daidai, ai ba a barin 'yan'uwa."

"Ita kuma me ta yi bayan tafiyarsa?"

Abdulmajid ya duba shafukan gaba. "Ba a sake zana ta ba."

"Ni na san abin da ta yi. Ta riƙa tuƙa tuwon mutum biyu, tana zuwa tasha duk ranar kasuwa. Mijina soja ne. Shi ma ya yi daidai, haka kapitan ɗinsu ya ce ranar da ya kawo mini kayansa."

Abdulmajid ya ce, "Allah ya jiƙansa, Inna."

"Amin. Ci gaba da karatu, ɗana. Ina son in ji ko nata ya dawo."