Kifin Kawu a Kududdufina

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Daga Illela nake rubutowa, raina a ɓace.

Ranar Litinin da hantsi na je auna tarwaɗar da nake kiwo a gonar Baba. Tun da na gama jami'a bara, duk mako nake auna su, ina lissafa girmansu don in san ranar kwashewa. Sai na ga nauyin ya ninka abin da lissafina ya nuna.

Ashe Kawu, masunci a tafkin Kalmalo, shi ke zuba tarwaɗa masu rai da suka yi masa kwantai ran kasuwa cikin kududdufina, daga baya ya kwashi son ransa. Da na yi magana ya ce, "Mi na ɓata, ɗan boko? Kihi ai kihi na!"

Baba kuwa ya ce in ban tsayar da ranar kwashewa ba kafin dashen albasa, zai cike ramin.

Ban san adadin da Kawu ya zuba ba. Ban san ko ya sayar da nawa ba, ko manyansa sun cinye ƙananana. Jama'a, yaya mutum ke hana kawunsa ruwa?