Ya Riga Rediyo Sanin Za A Rufe Iyaka

Assalamu alaikum Ustaz mai gabatarwa, da masu sauraro. Ni Haruna ne, manomin riɗi daga wajen Basunda, kusa da iyakarmu da Habasha. Wallahi tsoro ne ya sa na rubuto.

Akwai wani attajiri a birnin Gadarif mai tara wa manyan gwamnati gudummawa, a gidansa suke sauka. Gab da yankan riɗi ya zo ƙauyenmu ta'aziyya, ya ce in sayar masa da gonata. Na ƙi, don gadon babana ce. Ya yi murmushi ya ce, "To Malam Haruna, wa zai yanka maka? 'Yan ƙwadagon Habasha ba za su ƙetaro bana ba, na yi magana da manya."

Na ɗauka cika baki ne, ko gayya ban kira ba. Ba a yi mako ba muka ji a rediyo an rufe iyaka saboda tsaro. Ustaz, ka san riɗi ba ya jira, in ya bushe fashewa yake. Ni da ƙannena muka yanka abin da muka iya, sauran ya zube ƙasa.

Ba asarar ce ta tayar min da hankali ba. Wanda ya rufe iyaka da bakinsa, gobe idan ya ga yaƙi da Habasha zai amfane shi fa? Gidana ne na farko a bakin iyakar.

Jiya ya sake aiko min kan maganar gonar. Jama'a, ku ba ni shawara: in sayar, ko in tsaya?