Inda Zaren Clifford Yake Tsinkewa

Mai girma limamin cocinmu, Rabaran Penrose, wanda ya ja mu addu'a da safe. Uwargida Enid Varley, mai gonar da tafkinmu yake cikinta. Shugaban ƙungiyar masu fatsa ta Marlby, Norman Birtle. Ke Maureen, matar marigayi, da 'yarku Gwenda, da ƙaninsa Leonard. 'Yan'uwana masu zaman bakin ruwa, maƙwabta, da duk wanda ya ratso wannan ruwan sama ya zo zauren nan: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Wilf Hallam. An ce ni zan yi magana a madadin ƙungiya saboda na fi kowa daɗewa ina shan faɗan Clifford Pask, kuma ban musa ba. A masaƙar safa muka haɗu muna samari, shi yana gyaran injuna, ni ina ɗaurin kaya. Shi ya fara kai ni tafki. Daga ranar Maureen ta sa ni cikin waɗanda take zargi da lalata mata miji, alhali shi ya lalata ni.

Ya kasance mutum mai kaifin harshe, wannan ba sai na ɓoye ba, don kowa a nan ya ɗanɗana. Ya kasance mai zuwa tafki da shayi a gora da burodin da zai ishi mutum uku, sai ya yi ta ƙorafin cewa muna cinye masa abinci, yana miƙo mana. Maureen takan ce, "Shekara da shekaru mutumin nan yana kamun kifi, ko ɗaya bai taɓa shiga kaskona ba. Ya kama, ya auna, ya yi masa kallon ƙauna, ya mayar ruwa, sannan ran Juma'a ya aike ni shago in sayo soyayye da dankali." Haka dukkanmu muke, Maureen, kin dai yi rashin sa'a ne kin auri shugaban masu wannan ciwo.

Amma fiye da komai, ya kasance mutumin zare. A masaƙa ya koyi cewa kowane zare yana da inda zai tsinke, ya kawo wannan sanin bakin ruwa. Ranar farko da na ɗaura ƙugiya a gabansa, ya karɓa, ya juya ta, ya ce:

"Wilf, wannan na ɗaure akuya ne ko na kifi?"

Na ce ai ƙarfi nake so, kada kifi ya tsere mini.

Ya ce, "Zauna ka ji. Zare biyu ne. Akwai uwar zare da ke kan sanda, akwai ɗan guntun nan da ƙugiya ke rataye a kansa. Guntun dole ya fi uwar rauni. In uwar tana ɗaukar laba takwas, guntun kada ya wuce shida. Ranar da kifi ya shige cikin saiwa, dole wani wuri ya tsinke, ni kuwa na fi so in zaɓa masa wurin da kaina. In guntun ya tsinke, kifi ya tafi da 'yar ƙugiya mara ƙaya, gobe ya tofar da ita. In uwar ce ta tsinke, ya tafi yana jan dalmar da ke nutsar da ƙugiya da zare mai tsawon titi, har ya sarƙafe. Ka gane, ko in sake faɗa da ƙarfi?"

Wa a cikinmu bai ji wannan karatu ba? Wa bai ji shi yana cewa in sanyi ya kama kuma ƙananan kifaye ake nema, nailan siriri mai laushi ya isa, laba biyu ko ƙasa? In ruwa ya yi garau har kana ganin tsakuwa, sai ya ce a nemi mai taurin nan da yake nutsewa, kifi ba ya ganinsa, ko da yake kullum sai ya tsine wa tsadarsa. Kitsattsen zare kuwa, mai laushi kamar na ɗinki, ya yarda da shi a kan laka in ana neman babban kifin nan da ake kira karp, amma ka kai shi gefen da bawon kawa mai yanka zare yake, ka ga ɓacin rai. Kuma duk ƙullin da ba a jiƙa da miyau ba kafin a ja shi, a wurinsa ba ƙulli ba ne.

Ba a baki kawai ya tsaya ba. Dattawan cikinmu suna tuna gasar kofin ƙungiya, shekarar da ya yi karo da Gwaggo. Ga yaran yanzu, Gwaggo wata ƙatuwar karp ce, tsohuwa, wadda kowa yake mafarkinta. Ta ɗauki masarar da Clifford ya sa a ƙugiya, sanda ta lanƙwashe, muka bar namu muka taru a bayansa. Ya daɗe yana fama da ita. Har mun ga bayanta, har na miƙa raga, sai ta juya ta nufi saiwar itacen da ya faɗa ruwa. Ya riƙe, ya riƙe, guntun ya tsinke. Kofi ya tafi, Gwaggo ta tafi.

Leonard ya ce, "Yaya, wai da zaren ɗinkin Maureen ka zo gasa?"

Clifford ya naɗe zarensa, ya ji ciwon abin ƙwarai. Ya duba ƙarshen zaren, ya nuna mana, ya ce, "To, ai inda na ce ya tsinke, nan ya tsinke. Zuba mini shayi."

Mun yi masa dariya har ƙarshen shekara. Dariyar ta ƙare ne wata safiya da bazara, bayan wasu shekaru, da Uwargida Varley ta fita zagaya da karenta, ta tarar da Gwaggo a mace, ɗaure a saiwa, dalma na reto a gefen bakinta. Wani a cikinmu ya sa guntun da ya fi uwar zarensa ƙarfi, uwar ta tsinke, kifin ya ja kayan har ya sarƙafe, ya mutu a hankali. Har yau ba mu san ko wane ne ba, kuma Clifford ya hana a bincika. Uwargida, kina zaune a nan, kin tuna yadda kika tara mu kika wanke mu tas. Kin ce marigayi mijinki ne ya zuba kifin nan da hannunsa. Kin ce ba za ki ba da ruwanki ga mutanen da ba su san darajarsa ba. Kika sa kwaɗo a ƙofar gona, kuma gaskiyarki ce.

Mu muka koma gida muna gunaguni. Clifford ya cire hula, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofarki. Ya yi miki alkawarin cewa duk Asabar, ranar da muke cika tafkin, ba ƙugiyar da za ta shiga ruwa sai ya ja zarenta da hannunsa ya ga inda zai tsinke. Ba takarda, ba shaida. Kika ba shi hannu, kika buɗe ƙofa.

Ya kasance mai cika alkawari, ba sani ba sabo. Ruwa ko ƙanƙara, za ka hango shi yana tafe a gaɓa da doguwar rigar ruwansa, kowa ya fara lalubar kayansa. Leonard, ka ba ni izini in faɗi naka, to zan faɗa. Wata Asabar ya iske ƙaninsa da guntu mai laba goma sha biyar a kan uwa mai goma.

Leonard ya ce, "Haba Yaya, ciyawa ta yi yawa a nan. Ka bar ni yau kaɗai."

Clifford ya ce, "In ciyawa ta yi yawa, ƙara ƙarfin uwar, ko ka canza wuri."

"Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya fa!"

"Shi ya sa zan yanke naka a hankali."

Ya yanke. Leonard ya tattara kayansa ya tafi, ya yi wata da watanni ko gaisuwa ba ya amsa masa. Maureen ce ta sha wahalar sasanta su, da kek ɗinta na Kirsimeti. Clifford ya yi kuka a kan wannan rigima, ni na gani, amma bai taɓa cewa ya yi nadamar yankan ba. A makon jiya Leonard ne ya ɗauki gaban akwatin gawarsa.

Maureen, Gwenda, mun san abin da kuka gani a watannin ciwonsa, mun san mu a ƙofa kawai muka tsaya. Kun ba mu aron Asabar ɗinsa shekaru masu yawa, ba mu taɓa zuwa mun gode muku ba. Yau muna godiya. Mun ji rashinsa har cikin ƙashi, naku kuwa ya fi namu nesa ba kusa ba. Ku sani duk ƙofar da ke garin nan taku ce.

Yanzu zan faɗi abin da wasu suka ce kada in faɗa a taron makoki. Zan faɗa, don da Clifford ne yake tsaye a nan, da tuni ya fara da shi.

Bayan jana'iza na je gaida Uwargida Varley. Ta ba ni shayi, ta yi mini ta'aziyya, sannan ta ce, "Wilf, ba zan yi maka ƙarya ba. In kakar kamun kifin nan ta ƙare zan rufe ƙofa. Da Clifford na yi alkawari, ba da ƙungiya ba. Ku mutanen kirki ne, amma faɗa mini, wa zai ɓata da abokinsa a kan kifi? Wa zai ɓata da ɗan'uwansa?" Na buɗe baki, na rasa sunan da zan kira. Na shanye shayina na fito.

Daga nan na biya wurin Maureen na gaya mata. Ta kai ni ɗakin baya, ta nuna mini saman kabad. Sandar gasarsa ce a can cikin jakarta, ƙura ta rufe ta. Ta ce, "Tun ranar da ya ba matar nan hannu bai sake sauke ta ba. Ku ba ku lura ba?"

Ba mu lura ba. Jama'a, ba mu lura ba! Mai duba zare ba da safe kawai yake dubawa ba, don mutum yakan tsinke ya sake ɗauri da rana, ya sake da la'asar. Wuni guda yake yawo a gaɓa. Wanda yake yawo kuwa ba ya zama, wanda ba ya zama ba ya kamu. Mutumin da ya fi mu duka son gasa, wanda kofi ya kuɓuce masa yana gani, bai sake shiga gasa ko sau ɗaya ba. Muna zaune muna cin kofuna, muna yi masa tsiya wai ɗan sandan kifi, ashe mun zauna ne saboda shi yana tsaye. Bai taɓa goranta mana ba.

Uwargida Varley, ranar nan kin yi mini tambaya na kasa amsawa. Yau ga amsa a gaban Rabaran da iyalinsa da garin nan duka. Ni ne. Jiya na gaya wa Norman ya cire sunana daga gasar bana. Ina son kamu kamar yadda kowa a nan yake so, kuma a shekaruna ban san kaka nawa suka rage mini ba, don haka kada wani ya ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Gwiwoyina ba na da ba ne, amma za su zagaya tafkin nan. Ran Asabar sandata za ta kwana a gida. Zan ja zaren kowa, in ya tsinke a wurin da bai kamata ba, zan yanke, ko na wane ne. Norman, daga naka zan fara, kada ka ce ban faɗa ba.

Sai dai ba za mu sake ɗora wa mutum ɗaya abin da ya kamata mu raba ba. Wannan kuskuren mun yi shi sau ɗaya, ya ishe mu. Ina neman waɗanda za su ajiye sanda Asabar ɗaya-ɗaya, su karɓe ni. Ba sai an je gida an yi shawara ba, hannu kawai za a ɗaga.

Norman, na gan ka. Ku biyun can baya, na gan ku, kuma na san gidajenku. Gwenda, ke ma? Ke da kika ce warin tsutsa yana tayar miki da zuciya? To, Allah ya yi miki albarka, 'yata. Zan koya miki ƙullin, faɗan kuwa na san kin gada.

Uwargida, ba mu roƙi amsa yau ba, kuma ba mu roƙi a ji tausayinmu don muna makoki ba. Ki fito da karenki ran Asabar, da wadda ke biye, da ta bayanta, ki duba gaɓa da idonki. Ranar da kika iske ba kowa a tsaye, ki sa kwaɗonki, ba wanda zai ce kin zalunce mu. Amma ba za ki iske haka ba.

Muna godiya ga Rabaran, da matan da suka dafa shayi suka yanka burodi, da duk wanda ya taka ya zo. Ubangiji ya jiƙan Clifford Pask, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutun da bai samu ba a bakin ruwa. Ya sanyaya zuciyar Maureen da Gwenda da Leonard, ya tsaya musu. Mu kuma da muka ɗaga hannu, ya ƙarfafa ƙafafunmu, ya ba mu ƙarfin halin ɓata wa abokanmu rai duk ranar da ya kamata. Amin.