Mutumin da Ya Kira Ni Kurciya

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, da kai da masu sauraro. Ni yarinya ce daga Birnin Gwari. Don Allah kada a faɗi sunana.

Na ji a shirinku cewa ƙungiyar lauyoyi ta ba gwamnati shawara a riƙa ɓoye fuskar mai ba da shaida a kotu, har muryarsa a canza. Shi ya sa na yi ƙarfin halin rubutowa.

Bara 'yan bindiga suka ɗauke yayana a gonarmu ta wajen Gayam, har yau shiru. Da aka yi sulhu, mutanen daji suka fara shigowa kasuwa, inda nake sayar da awara. Ranar kasuwar da ta wuce wani dogon mutum ya tsuguna gabana ya ce, "Kurciya, zuba min, kada ki cika yaji."

Malam, Yaya kaɗai ke kirana Kurciya, shi ma sai a cikin gida. Na zuba masa. Ya cinye yana kallona, sannan ya ce, "Ashe gaskiya ya faɗa, ba kya son magana. Ki ci gaba da haka."

Ko Inna ban gaya wa ba. Ina tambayar lauyoyin, in sun ɓoye fuskata, yaya za su yi da wanda ya san inda nake kasa awarata? In kuma aka kama shi, wa zai gaya mana ko Yaya na da rai? Ku ba ni shawara kafin kasuwa ta sake ci, domin ya ce zai dawo.