Allah Ya Ba Ni Kunnen Ƙashi na Gaske

Iyayena mata da ke gaba, iyayena maza, da ku 'yan bencin baya da kuka fara hamma tun ban buɗe baki ba, na gaishe ku duka a cikin sunan Yesu mai ceto. Ku ce Amin da ƙarfi don Allah. Yanzu za ku ji dalili.

Sunana Rifkatu, shekarata goma sha shida, gidanmu na nan Gwallameji. Baba Fasto ya ba ni minti biyar, kuma na ga ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur. Baba, a yi mini afuwa tun yanzu.

A gida ba a kirana Rifkatu. Kakata, wadda kuka sani da kaɗa tulu a Zumuntar Mata, ita ta raɗa mini suna Mai Kunnen Ƙashi, kuma ba zalunci ta yi ba. In aka ce kada a taɓa abu, ni a wurina an aike ni ne in taɓa. Ba abin da ban kaɗa ba a gidanmu: bokiti, murfin tukunya, tankin ruwa, har tumbin Babana in ya ƙoshi ya kishingiɗa. Ina shekara sha uku Malam Bitrus, shugaban mawaƙanmu, ya gaji da jin ina kaɗa benci a lokacin wa'azi, ya ɗora ni a kan gangunan coci.

Kun tuna tsohon saitin nan. Fatar babbar gangar ta sha ɗauri, fedar ƙafa da robar tayar keke aka ɗaure ta, faifan tagullan kuwa in ka buga sai ka rantse akuya ce ta faɗa cikin kwanuka. Amma ni da na hau, ji nake duk Bauchi tawa ce. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah: ba don Yesu nake kaɗawa ba. Don a juyo a kalle ni nake yi. Malam Bitrus ya yi ta yi mini alama da hannu in sassauta, ni kuwa in yi kamar ban gani ba.

Sai bazarar bara ta zo da sanƙarau.

Ban san yadda aka kai ni asibiti ba. Abin da na tuna shi ne na buɗe ido na ga Mamata tana motsa baki, tana ta motsa baki, ba murya. Fanka na juyawa a sama shiru. Wata mai jinya ta yar da faranti a ƙasa, na ga ya yi tsalle ya yi ta juyi, ban ji komai ba. Kamar an nutsar da ɗakin duka a cikin ruwa, mutane suna iyo a hankali da fararen riguna.

Na rayu, yabo ga Ubangiji! Kun yi addu'a, ya amsa. Amma likita ya ce kunnen hagu ya tafi, na dama kuma rabi ya rage. In mutum ɗaya na magana kusa da ni, ina ji. In sauti ya yi yawa, sai komai ya narke ya zama ƙugi guda, kamar ruwan sama a kan kwano.

Na roƙi mutanen gidanmu kada a faɗa wa kowa. Na koyi dabara: duk wanda ya yi mini magana a coci ban ji ba, sai in yi murmushi in ce "Amin." Wata rana Mama Laraba ta tambaye ni, "Ina Mamarki take?" Na ce Amin. Ta ce, "Wai ko ta tafi kasuwa ne?" Na ce Amin, Amin. Har ta je ta gaya wa Baba Fasto cewa ciwon nan ya mai da yarinyar nan mai ibada sosai!

Sau ɗaya na koma gwajin waƙa. Aka ɗauko waƙa, na ɗaga sanduna, na shiga. Ina ta kaɗawa, sai na ɗago kai na ga duk sun yi shiru suna kallona. Ashe mawaƙa sun isa kasuwar Wunti, ni har yanzu ina Gwallameji ina jiran keke. Na ajiye sanduna na ce wuyan hannuna ke ciwo. Daga baya na ce karatu ya yi yawa. Ni, Rifkatu, karatu! Mamata da ta ji wannan ƙaryar sai da ta zauna.

Fiye da shekara ban taɓa ganga ba. Ina zama can baya in sa hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su motsa. Da rana tsaka a aji sai hankalina ya tashi ya tafi. In ga wani jan saitin ganguna mai walƙiya a kan dutsen da ke bayan gari, gajimare na ratsa tsakaninsu, faifan tagulla na shawagi kamar shirwa. In hau in ɗaga sanda in buga. Ko a mafarkin ma ba sauti.

Watan jiya ikilisiya ta yanke shawarar a sayi sabon saiti kafin Lahadin godiyar girbi. Malam Bitrus ya zo har gida ya ce, "Rifkatu, hannun nan ya isa ya warke. Ke za ki zaɓa, ke kuma za ki kaɗa ranar godiya. Ran Asabar za mu Wunti."

Na ce Amin. Wannan karon na ji shi sarai, bakina ne ya saba.

Ran Asabar Kaka ta ɗaura zaninta ta ce da ita za a je, wai daddawarta ta ƙare. Muka cusa kanmu cikin keke mai ƙafa uku, ni da ita da Malam. Na san in na hau gangar nan a gaban Malam, ƙaryata ta ƙare, kuma na san daga ranar ni da kiɗa sai kallo.

Shagon na wani Alhaji ne mai sayar da lasifikoki da kayan kiɗa, dattijo mai fara'a. Muna shiga na gan shi. Jan saitin mafarkina! Yana zaune a kan kafet mai taushi, yana ƙyalli har ina ganin haƙorana a jikinsa.

Alhaji ya ce, "'Yata ta san kaya. Hau ki gwada, ba a biyan kuɗin gwaji."

Malam Bitrus ya ce zai rera waƙa yana tafi, ni in bi shi. Ya fara. Na buga. Nan take ruwan nan ya rufe ni. Ina ganin bakin Malam na motsi, ina ganin hannuwansa na haɗuwa suna rabuwa, amma ƙarar gangata ta haɗiye komai. Na rasa inda waƙar take. Na rasa inda ni kaina nake. Sandar ta suɓuce daga hannuna ta gangara ƙarƙashin wata lasifika.

Na fashe da kuka, irin kukan da har mai sayar da rake a waje sai da ya leƙo. Na ce, "Malam, hannuna lafiyarsa lau. Ƙarya na yi muku. Ba na ji ne. Kunnena ya mutu."

Malam Bitrus ya tsaya da hannuwansa a buɗe, tafin bai ƙarasa ba. Alhaji ya miƙa hannu a hankali ya kashe rediyonsa.

Kaka ta dafa kaina a nan tsakiyar shago. Ba ta yi doguwar addu'a ba. Ta sunkuyo daidai kunnena na dama ta ce, "Ya Yesu, ga 'yarka. Da tana da kunne ba ta ji, yanzu tana son ji ba kunne. Kai ka ƙera ta, ka san inda ka bar wata ƙofa. Ka buɗe mata." Ni ma a zuciyata na ce, Ubangiji, na gaji da ɓoyewa. In ka ba ni kiɗan nan kuma, naka ne, ba na 'yan kallo ba.

Muka ce Amin. Wannan ce Amin ta farko ta gaskiya da na yi a cikin shekara guda.

Sai Kaka ta ce, "To, cire takalminki."

Alhaji ya yi sauri ya ce, "A'a, Mama, ai shago ne, ba sai ta cire ba. Kowa da takalminsa yake shiga."

Kaka ta ce, "Alhaji, ba don kafet ɗinka ba ne." Ta juyo gare ni. "Ke, kin ɗauka ni ina jin waƙar matan nan? Shekara nawa kunnena ya yi nauyi? Kin taɓa ganina na kaɗa tulu da takalmi a ƙafa?"

'Yan'uwa, na yi tunani. Ban taɓa gani ba! Kullum silifas ɗinta na gefe, tulun na tsakanin ƙafafunta. Ni duk zatona ƙauyanci ne.

Ta zagaya shagon tana dube-dube kamar mai zaɓen doya, har ta kai can ƙurya. Akwai wani saiti a wurin, ruwan ƙasa, ba ƙyalli ko kaɗan, babbar gangarsa kamar randa. An ɗora shi a kan wani faffaɗan katako saboda damshi. Ta ce, "Hau wannan."

Na ce, "Kaka, wannan ai kamar ke yake."

Ta ce, "Shi ya sa zai yi aiki. Hau, Mai Kunnen Ƙashi."

Na hau ba takalmi, tafin ƙafata a kan katako. Kaka ta tuɓe silifas ta hau gefen katakon ita ma. Ta kalli bakin Malam Bitrus ta ce ya ɗauko waƙar. Sai ta fara buga diddigenta. Dum. Dum. Dum.

Na ji!

Ba da kunne ba. Ya shigo ta tafin ƙafata, ya bi ƙaurina, ya hau gwiwa, ya zo ya zauna a ƙirjina kamar zuciya ta biyu. Na taka feda a daidai wurin. Babbar gangar ta amsa, katakon ya girgiza, girgizar ta bi ƙashin bayana har wuya. Ruwan nan da ya rufe ni yana nan, amma yanzu na taɓa ƙasa, na tsaya da ƙafata. Na rufe ido na ga dutsen mafarkina, gajimare na wucewa, kuma a karon farko dutsen na motsi tare da ni.

Da na buɗe ido Malam Bitrus na waƙa yana share hawaye da bayan hannu, kuma ban kauce ko sau ɗaya ba. Haleluya!

Don in tabbatar, na koma kan jan saitin. Kafet ya shanye komai, gangarsa kuma ba nauyi, ƙara ce kawai. Na shafa shi na ce, "Kai kyakkyawa ne, amma ba ka da magana." Muka zaɓi mai ruwan ƙasa.

Ana ɗaure kaya Kaka ta ce, "Alhaji, saura gyara."

Alhaji ya ce, "Gyara kuma, Mama? Ai ba gyaɗa kuka saya ba. To, ga sanduna biyu."

Ta ce, "Riƙe sandunanka. Katakon nake so."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce tun da ya buɗe shago ba a taɓa roƙonsa katakon ƙasa ba. Ya sa aka ɗora mana shi, ya kuma haɗa da sandunan, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, 'yata."

Sauran kun gani da idonku Lahadin da ta wuce. Kun ga an shigo da doya da masara da kaji ana rawa, kun ga Kaka ta bar layin Zumuntar Mata ta dawo kusa da ni da tulunta a kan katako. Ita tana kallon bakin mai ba da waƙa da ƙafafun mata, ta ba tulu, tulu ya ba katako, katako ya ba ni. Waɗansunku sun ce Rifkatu ta yi hankali, ta daina danne mawaƙa. Ba hankali ba ne. In na yi hauka a kan ganga ba zan ji Kaka ba. Dole in saurara.

Ba zan yi muku wata ƙaryar a kan bagadi ba. Kunnen hagu bai dawo ba. Ina roƙo har yanzu, ku ma ku taya ni. Amma Yesu ya fitar da ni daga tsoro da ƙarya, ya mayar mini da kiɗana ta hanyar da ban taɓa zato ba. Shekara goma sha shida ana ce mini mai kunnen ƙashi ina jin haushi. Ashe Ubangiji ya ajiye sunan ne sai ranar da zan bukace shi. Yau da ƙashina nake ji.

In akwai wani a nan da ke zaune ya danne hannuwansa, yana cewa Amin ga abin da bai ji ba, don Allah ka daina ɓoyewa. Ka faɗa wa Yesu, ka faɗa wa mutanensa. Ka dogara gare shi. Wanda ya yi ka ya san inda ya bar maka ƙofa.

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Bitrus, na gode wa Kaka, duk da har yau ba ta sayi daddawar ba. Mama Laraba, Mamata tana nan lafiya, ran nan ɗin kasuwa ta je. Masu shara kuma, in kun ga takalma a gefen katako, kada ku sake kai su ofishin Baba Fasto cikin kayan tsintuwa. Nawa ne. Ina bakin aiki.

Yabo ya tabbata ga sunan Yesu! Ku ce Amin, ku haɗa da buga ƙafa a ƙasa, in ji ku da kyau.