Sunan da Ke Ƙarƙashin Fenti

A tashar jiragen ruwa ta Kowloon, wata mata da wani tsoho suna kallon ruɓaɓɓen jirgin shaƙatawa ana jansa zuwa inda za a farfasa shi.

"Dubi gwangwani!" in ji matar. "Da mijina ya ga wannan da ya mutu da dariya. Shi kuku ne a jirgin Gimbiya Helga. Wata shida-shida yake yi a Turai."

"Helga?" in ji tsohon. "'Yata, tun da 'yan caca suka sayi jirgin suka sauya masa suna, bai ƙara zuwa Turai ba, da yamma yake fita, da safe ya dawo."

"Kawu, tsufa ya taɓa ka. Jiya ma ya bugo mini daga Italiya!"

"To, matso ki karanta sunan da ke ƙarƙashin fentin jirgin nan."